Filin Tambaya da Amsa: Alhajin da ke kawo gilashi ko tsohon da ya koya mana yanka, wa za mu karrama?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da na yi ɗan rubutu a fitowar da ta wuce kan yadda gidajen Yamai ke barin tagar ƙarfe da nako ana komawa almuniyom da gilashi, saƙonni ke ta shigowa kan wannan sana'a, har na ga gara in ba ta filin gaba ɗaya wannan karon. Na zaɓi huɗu. Ta farkon ta cinye wuri da yawa, ku yi min haƙuri, ita ce ta fi taɓa ni.

TAMBAYA: Malam ina wuni, ya aiki ya iyali. Ni mai aikin almuniyom da gilashi ne nan Yamai, na daɗe cikin sana'ar tun ina aparanti. Muna da ƴar ƙungiya muna zubi duk wata, in wani ya yanke ko an yi mishi haihuwa mu taimaka. To bana muka ce ƙarshen shekara mu yi ɗan biki mu karrama mutum ɗaya da ya yi ma sana'ar hidima, wlh tun ranar ba mu sake zama lafiya ba. Wasu sun ce a ba wani Alhaji da ke shigo da gilashi kwantena kwantena, yana ba mu kaya bashi kuma ya riga ya ce shi zai biya kuɗin wuri da kujeru da abinci. Mu kuma muka ce a ba tsohon da ya koya ma kusan rabinmu aiki, yanzu idonshi ya yi rauni ko metir ba ya iya karantawa, ɗanshi ke riƙe da atalye. Wani ma cewa ya yi wannan abin lambar yabo ai na Turawa ne da ƴan siyasa, a raba kuɗin kawai kowa ya sha shayi. Dan Allah Malam a sauran duniya ya ake yi, akwai ma masu karrama ƴan gilashi kuwa? Daga ƙaninka a Boukoki.

AMSA: Ƙanena sannu da ƙoƙari, Allah ya yi ma ƙungiyarku albarka. Bari in faɗa maka ra'ayina tun farko kar in ja ka da nisa, ku ba tsohon nan, kuma ku ba shi bana, kar wanda ya ce muku a bari sai baɗi.

Shi ɗan'uwanku da ya ce abin na Turawa ne, ka tambaye shi Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska da Sarkin Magina wane Bature ya kawo mana su. Tun kaka da kakanni kowace sana'a tana da wanda ake ɗaga ma hannu a ce wannan ne gwaninmu, sarki ya naɗa mishi rawani, maroƙa su yi mishi kirari. Sana'arku ce sabuwa, ba ta samu wannan tsarin ba tukuna, ku ne za ku fara shi. Kuma ka tuna mishi da Falke Barmou, maginin ƙauyen Yaama a jihar Tahoua, wanda ya fara gina masallacin garinsu da laka a 1962, a 1986 masallacin ya samu lambar Aga Khan ta gine-gine, lambar da manyan masu zanen gini na duniya ke nema. Mutumin ƙauye ne mai aikin hannu kamar ku, aikinshi ne ya kai sunanshi can.

Game da sauran duniya kuma, e akwai, sosai ma. Akwai hukumar gilashi ta ƙasa da ƙasa da ake kira ICG, an kafa ta tun 1933, tana da lambar Gottardi da take ba matasa masu bincike waɗanda ba su wuce shekara 40 ba, tana da lambar Turner ta waɗanda suka yi ma kwamitocinta hidima, sunan wani farfesa ne na Sheffield a Ingila da ya mai da aikin gilashi ilimin jami'a. Akwai lambar Phoenix da ake ba mutum ɗaya duk shekara tun 1971, masu sayar ma kamfanonin gilashi injuna da kayan aiki su ke zaɓen shi. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2022 ta ce shekarar gilashi ce. To amma ni ba sunayen lambobin nake so ka riƙe ba, ina so ka duba su wa aka ba da kuma me suka yi.

Ɗauki falan gilashin da kake yanka kullum, mili 4 ko mili 5, sumul ba tudu ba kwari. Da can ba haka yake fitowa ba, sai an murza shi an goge fuska biyun da yashi da injin, aiki mai cin kuɗi da ɓarna. Wani injiniya Alastair Pilkington a garin St Helens na Ingila ya zo da tunani a 1952, ya ce a kwararo narkakken gilashi bisa narkakken kuza, ya shimfiɗu da kanshi kamar yadda mai ke shimfiɗuwa bisa ruwa, ya huce a hankali ya fito santal. Faɗa da baki sauƙi. Shekara 7 suka yi suna fama, wata da watanni injin na fitar da gilashin da ba ya sayuwa, sai a 1959 suka sanar ma duniya sun dace. Yau kusan duk gilashin taga da ke duniya, har wanda ke jingine bangon atalyenka, ta wannan hanyar aka yi shi. A 1970 Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir. Abin da zai ba ka mamaki, sunanshi ɗaya da masu kamfanin Pilkington da yake ma aiki amma ba ɗan gidan ba ne, ma'aikaci ne aka ɗauka. Masu kamfanin sun zuba dukiya sun yi haƙuri, tarihi bai manta da su ba, amma in aka ce wa ya kawo wannan hanyar sunan injiniyan ake kira.

Haka Michael Owens a Amurka. Yana ɗan shekara 10 ya shiga aikin gidan gilashi yana zuba gawayi a tanderu, a lokacin nan da bakin mutum ake hura kwalba, ƙananan yara na ɗaukar ta da zafinta dare da rana. Ya girma cikin wahalar, a 1903 ya haɗa injin da ke yin kwalba da kanshi, kuma wannan injin ya taimaka ƙwarai wajen fitar da yara daga bakin wutar nan. Mai gidanshi Edward Libbey ne ya sa kuɗin. Ka ga nan ma akwai alhaji akwai gwani, kowa da matsayinshi.

Amma wanda ya sa nake ce muku bana bana, shi ne Charles Kao. Wannan bawan Allah haifaffen Shanghai, a 1966 yana aiki Ingila ya nuna cewa in aka tsarkake gilashi sosai aka ja shi ya zama zare siriri kamar gashi, haske zai iya ɗaukar saƙo a cikinshi ya yi tafiyar kilomita da kilomita. A 1970 wasu mutum uku a kamfanin Corning suka yi zaren da ya tabbatar da maganarshi. Fibir ɗin nan da ake haƙa rami ana binnewa gefen hanyoyinmu, wanda saƙonka na WhatsApp ya biyo har ya iso gare ni, daga nan ya samo asali. Sai a 2009 aka ba shi lambar Nobel, shekara 43 bayan aikin, lokacin cutar mantuwa ta riga ta kama shi, matarshi ce ta tashi ta karanta jawabinshi gaban jama'a. Duk sanda na tuna wannan sai zuciyata ta yi nauyi. Tsohonku idonshi ya fara tafiya, ka faɗa da bakinka. Ku yi mishi abin nan yana iya gane fuskokinku.

Bayan na karanta saƙonka na tashi na je wajen kasuwar Katako, na zauna atalyen wani dattijo da na sani, ba naku ba, wani daban, don in sake kallon aikin da idona. Tebur ne babba an shimfiɗa mishi tsohon bargo. Ya sa yara biyu suka kwantar da falan, ya shafa shi da tafin hannu ya share ƙura, ya auna sau biyu, ya tsoma bakin abin yankan cikin ɗan gwangwanin tumatir mai kananzir, ya danne doguwar rula da hannun hagu, ya ja sau ɗaya tak daga can ƙarshe zuwa cikinshi, ƙarar na fita siririya ba ta yanke ba. Ya ce min da kunne ake sanin yanka ya yi, in ƙarar ta yi gargada to layin ya ɓaci, kuma ba a maimaita ja kan layi ɗaya. Sai ya turo falan bakin tebur ya ɗan danna, ƙas, ya rabu biyu kamar an tsaga takarda. Yaron da ke kusa ya miƙa hannu zai ɗauki guntun ta kaifin, tsohon ya buge hannun ya nuna mishi tabon da ke wuyan hannunshi na dama, fari dogo, bai ce komai ba yaron ya gane. Wannan ilimin ba a kwantena yake zuwa ba ƙanena, mutum ne ke zuba shi cikin mutum shekara da shekaru, sau da yawa ma bayan yaron ya fasa mishi kaya na jikka da jikkuna ya haƙura bai kore shi ba.

Ban ce ku wulaƙanta Alhaji ba fa. Mutumin da ke ba ku kaya bashi a wannan zamanin ya yi muku halacci, ku tashi gaban jama'a ku gode mishi da sunanshi, ku ba shi takardar godiya, ku zaunar da shi kujerar gaba, in ma ya yarda shi zai miƙa ma tsohon lambar da hannunshi. Amma wanda ya biya kuɗin biki bai kamata ya zama wanda ake karramawa a bikin ba, in kuka yi haka sau ɗaya shikenan lambar ta zama ta sayarwa, baɗi wani mai kuɗin zai zo ya taya. In Alhajin mutumin kirki ne kamar yadda ka nuna, ku je ku same shi gida ku uku ko huɗu cikin ladabi ku faɗa mishi gaskiya, ina kyautata zaton zai ce ai haka ya dace. In kuma ya janye kuɗinshi, ku shimfiɗa tabarmi ƙofar atalyen tsohon bayan la'asar, ku dafa shayi da ƴar shinkafa, ya isa.

Don gaba kuma, ku zauna ku rubuta sharuɗɗan kafin a ambaci sunan kowa, yara nawa ya yaye suka buɗe nasu wurin, aikinshi na tsayawa ko damina ɗaya ruwa ya fara shiga, ya taɓa cin kuɗin mutane, ya yake kula da lafiyar yaranshi. Kuma kar ku tsaya ga takarda cikin firam kaɗai. Ku haɗa kuɗi ku kai shi wajen likitan ido, sau da yawa raunin idon tsofaffi yanar ido ce, aikin ɗan lokaci ne a cire ta mutum ya koma gani.

TAMBAYA: Malam barka da warhaka. Ni mutumin Tawa ne, na yi shekaru Abijan ina biɗa, yanzu na komo gida ina gina. Da na tahi sayen gilashin tagogi kuɗɗin da anka hwaɗa mini sai da na zamna. Shi ne ni ce, duk rairayin ga da Allah ya ba mu, ga hwarar ƙasa nan Malbaza, ga kanwa, mi ya hana a yi kamfanin gilashi ƙasarga? Kuna maganar yabon gwanaye, wa za mu yaba in ba mu yin komi sai saye? Daga wani magidanci a Tahoua.

AMSA: Yaya barka kadai, Allah ya sa a gama gini lafiya a shiga da alheri. Kayan haɗin da ka lissafa daidai ne, yashi ne kaso mafi yawa, wajen kashi 70 cikin ɗari, sai soda wadda ƴar'uwar kanwa ce, sai dutsen farar ƙasa. Har kuzan da ake shimfiɗa gilashin bisanshi an haƙa shi ƙasar nan, a El Meki cikin duwatsun Air. To amma ba kowane yashi ba. Jan rairayin da muke gani ƙarfe ne ya ba shi wannan launin, kuma ƙarfe kaɗan ya isa ya rina gilashi, ka duba gefen falan da ka saya za ka ga ya yi kore kore, wannan ɗan ƙarfen da ya rage ne cikin yashin da aka riga aka zaɓa aka wanke.

Babbar matsalar ma wuta ce. Ana narka kayan a zafi wajen digiri 1500, kuma tanderun in aka kunna shi ba a kashewa, dare da rana, salla da azumi, shekara goma har fiye, in ya mutu gilashin ya daskare ciki to an yi asarar da ba ta misaltuwa. Yana son gas mai yawa mai araha da lantarkin da ba ya ƙiftawa. Sannan layi ɗaya na fitar da tan ɗaruruwa kowace rana, dole a samu kasuwar da za ta shanye. Shi ya sa a Afirka ƙasashe kaɗan ke yin gilashin taga, irin su Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu. Maƙwabtanmu Najeriya suna da kamfanin kwalabe a Agbara da Ughelli. Mu namu sai ya sauka tashar jirgin ruwa ya hau babbar mota, kaya ne mai nauyi mai fashewa, kuma tun 2023 da hanyar Kwatano ta rufe aka koma zagayowa ta Lome da Burkina kuɗin mota ya ƙaru, kafin ya iso Yamai balle Tahoua duk wannan na bisa kanka kai mai saye.

Amma ban yarda ba mu yin komai ba. Yanka da goge baki da haɗa taga da ɗora ta bisa bene aiki ne, kuma ƴaƴanmu ke yin shi. Ka tuna gine-ginen da aka yi lokacin Tahoua Sakola a 2017, ko na Yamai lokacin taron Tarayyar Afirka a 2019. Sannan akwai ƙofar da ba mu taɓa ba sosai, fasassun kwalabe. Gilashi ana sake narka shi sau ba adadi bai lalace ba, kuma ya fi ɗanyen yashi saurin narkewa. A Eswatini akwai kamfanin Ngwenya da ke tara tsofaffin kwalabe yana hura kofuna da kayan ado ana kai su waje, a Gana mutanen Krobo daka kwalba suke su zuba garin cikin ƴan ramukan yumɓu su gasa su fito da duwatsun wuya. Wannan bai fi ƙarfin mai jari irinku ƴan Ader da suka ga duniya ba.

TAMBAYA: Salam Baba. Ni ɗaliba ce ina karanta shimi a jami'ar Abdou Moumouni. Duk sanda aka yi maganar waɗanda suka yi fice a gilashi sai in ji sunan Turawa maza kawai. Mu baƙar fata ba mu da komai a ciki ne, mata kuma fa? Wani lokaci har sai in ji gwiwata ta yi sanyi. Daga ɗiyarka a Harobanda.

AMSA: Ɗiyata kar gwiwarki ta yi sanyi ko kaɗan, zauna ki ji. An daɗe ana cewa duk wani dutsen ado na gilashi da aka tono a Afirka ta Yamma fatake ne suka kawo shi daga Masar ko Turai, mu iyakarmu mu saya mu rataya. Sai wani masanin tone-tonen tarihi ɗan Najeriya, Abidemi Babatunde Babalola, ya yi haƙa a wani wuri da ake kira Igbo Olokun a garin Ile-Ife, ya fito da dubban duwatsun ado da fasassun tukwanen narki da guntayen gilashi. Da aka kai ɗakin gwaji, irin aikin da kike koyo yanzu, aka ga haɗin gilashin ba irin na ko'ina ba ne a duniya, farar ƙasa da alumina (sinadarin da ake fitar da almuniyom daga cikinshi) sun yi yawa a ciki, wato da kayan ƙasarsu suka yi shi da nasu ilimin, tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Kuma an samu irin duwatsun nan har Gao ta Mali, nan bakin kogin da kike tsallakawa in za ki shiga gari. A 2025 an ba shi lambar Dan David, ɗaya daga manyan lambobin masu binciken tarihi. Kin ga shimi ce ta dawo ma kakanninmu da haƙƙinsu bayan shekaru ɗaruruwa.

Ga kuma Masaga, wata unguwa a garin Bida ta ƙasar Nupe, har yau suna nan suna yin awarwaro da duwatsun wuya na gilashi. Yanzu yawanci kwalabe suke narkawa, amma kakanninsu da yashi da kanwa suke haɗa nasu baƙin gilashin da suke kira bikini, su yi kwanaki suna ba tanderu wuta. Iyayenmu mata da yawa sun sa awarwaron Bida ba su san a nan kusa ake yin shi ba. A ɓangaren Musulunci ma ba baƙonmu ba ne, kin san a Suratun Nur an ambaci fitila cikin zujaja, kuma fitilun masallatan Alƙahira na zamanin Mamluk masu rubutun ayoyi a jiki suna cikin mafi kyan aikin gilashi da hannu ya taɓa yi. Ibn al-Haisam kuma a Alƙahiran ya yi bincikenshi kan haske da gani wajen shekara dubu da ta wuce.

Mata kuwa suna nan, ba a cika faɗar su ba ne. Katharine Blodgett a Amurka, a 1938 ta gano yadda za a shafa ma gilashi wani siririn rufi ya daina mayar da haske ya zama kamar babu shi, tunanin da ya buɗe hanyar rufin da ake yi ma tabarau da idon kamara. Marga Faulstich a Jamus ta yi shekaru sama da 40 a kamfanin Schott, ta yi aiki kan nau'in gilashi fiye da 300, har da na tabarau marar nauyi da ya sauƙaƙa ma masu raunin ido. Ita kanta shekarar gilashi ta 2022 da na ambata sama, wata farfesa ce a Spain, Alicia Durán, ta ja ragamar neman ta har aka samu, kuma ta karɓi lambar Phoenix a 2019.

Ki ɗaga kai ki dubi sunan da ke ƙofar jami'arku ma. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo masanin kimiyyar hasken rana ne, ya shugabanci ONERSOL, hukumar makamashin rana ta ƙasa, ya yi aiki kan na'urorin dafa ruwa da girki da rana tun lokacin da mutane ke ganin abin wasa ne, kuma aikin rana ba ya yiwuwa sai da gilashi da madubi. Ya rasu a 1991, bayan rasuwarshi aka sa ma jami'ar sunanshi. Kowane fanon sola da kike gani bisa rufin kwano fuskarshi gilashi ce, kuma ƙurarmu da zafinmu na rage mishi ƙarfi, wannan kaɗai ya ishe ki abin bincike in kin kai matakin masta. Ki samu malamanki ki yi musu maganar.

TAMBAYA: Malam ina kwana. Ɗana na da shekara 16, ya bar lakwal na kai shi koyon aikin gilashi, wata uku ke nan sau biyu yana dawowa da yanka, na biyun sai da aka yi ɗinki. Mai gidan nashi ya ce haka kowa ya koya. In cire shi ne ko in bar shi? Daga wata uwa a Talladje.

AMSA: Hajiya ina gajiya, Allah ya ba yaro lafiya ya kiyaye gaba. Ƴar ƙarzuwa a yatsa kam ba mai aikin gilashin da ya tsira daga ita, amma ɗinki cikin wata uku ba abin da za a ce haka kowa ya koya ba ne, ban yarda da wannan maganar ba. Kar ki cire shi daga sana'ar, sana'a ce mai kyau mai ci, amma ki tashi da kanki ko ki tura babanshi ko kawunshi a je atalyen a zauna awa ɗaya ana kallo. A duba ko yaran na da safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe ko da silifas suke yawo cikin tarkace. A duba ya suke ɗaukar falan, a tsaye ake ɗaukar shi a gefen jiki, ba a kwance ba, ba a ka ba, ba a hammata ba, babba kuma mutum biyu ne. A duba ko ana tara guntaye cikin durom ko a ƙasa suke zube. A tambaya ko ana ɗora yaro bayan moto ya rungume gilashi cikin iska, in ana yi to wannan kaɗai ya isa dalilin canza wuri. Kuma sabon yaro ba a fara shi da babban fala, shara da aunawa da yankan ƙananan guntaye yake yi tukuna.

Shi ma yaron ki faɗa mishi, in Allah ya kiyaye an yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi a ɗaga hannun sama a nufi asibiti, in gilashin ya nutse cikin nama kar a zare shi a danne gefe da gefe, kuma kar a zuba ƙasa ko kananzir ko garin magani. Ki tambayi likita maganar allurar tetanus ma.

In kun je kun ga wurin bai yi ba, ku tambayi masu sana'ar su nuna muku dattijon da ya yaye yara da yawa kuma yatsunsu goma goma suke, kowa a cikinsu ya san shi. Ki rubuto min abin da kuka gani Hajiya, zan so in ji.